Shawara: An ce mini akwai ƙwayar da ke wanke damuwa daga ƙwaƙwalwa, in gwada?

Adda, assalamu alaikum. Ni saurayi ne ɗan shekara 27 a garin Gombe. Na gama karatu, na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba. Tun rasuwar Babanmu bara komai ya tsaya mini. Barci ba ya zuwa sai gab da asuba, abinci ba ya mini daɗi, ko majalisa na daina fita. Tunani ɗaya ne ke ta juya mini, cewa ni ne babba a gidan kuma na kasa. Wani lokaci nakan ji da ma in kwanta kada in tashi. Na ga bidiyoyi a YouTube, likitocin Turai suna cewa akwai wata irin lemar kwaɗi da kuma LSD da ke gyara ƙwaƙwalwa, sha ɗaya damuwa ta tafi. Wani abokina ya ce zai sa a kawo mini daga Legas, in kuma kuɗi bai kai ba, wai zaƙami ma aikinsu ɗaya. Bappana, ƙanin Babanmu, ya yi fama da taɓin hankali, shi ya sa nake gudun likitan ƙwaƙwalwa, kada a ce gadon gida ne. Don Allah me waɗannan abubuwa suke yi a ƙwaƙwalwa? In gwada?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Kada ka gwada. Ba ta Legas ba, ba zaƙami ba. Amma ba zan tsaya a nan ba, don kai mai ilimi ne, kuma na san kalmar "bari" ita kaɗai ba ta da wani ƙarfi da ƙarfe ukun dare, lokacin da gida ya yi tsit kai kuma idonka biyu. Ka yi tambaya ta gaskiya, ya kamata a ba ka amsa cikakkiya.

Kafin nan akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da ta fi duk sauran nauyi a wurina, inda ka ce kakan ji da ma ka kwanta kada ka tashi. Na gode da ka faɗa. Ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin mazakuta ba ne, alama ce daga alamomin ciwon damuwa, kamar yadda rashin barcin da rashin jin daɗin abincin suke. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka faɗa wa mutum ɗaya na gida abin da ka faɗa mini. In akwai fiya-fiya ko maganin ɓera ko maganin feshi na gona a ɗakinka ko kusa da kai, ka ba wani ya kulle. In kuma tunanin ya wuce "da ma" ya koma tsara yadda za ka yi, kada ka jira gari ya waye, ka tashi wani ya raka ka sashen gaggawa na asibiti.

Waɗannan bidiyoyi ba ƙarya zalla ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya sa suke da haɗari. Binciken gaskiya ne aka yanke masa kai da ƙafa aka miƙo maka tsakiya.

LSD dai wani masanin haɗa magunguna ne ɗan ƙasar Suwizalan, Albert Hofmann, ya fara haɗa shi a 1938 a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel. Bai san abin da ya haɗa ba sai a watan Afrilu na 1943, da ya sha kashi ɗaya cikin huɗu na miligiram guda, abin da ido ba zai iya gani sosai ba, yana zaton ya ɗauki ɗan kaɗan ne. Da ƙyar ya kai gida a kan keke. Kayan ɗakinsa suka riƙa canza siffa, maƙwabciyarsa da ta kawo masa madara ya gan ta kamar mayya, ya tabbatar wa kansa cewa ko ya haukace ko mutuwa zai yi. Likitan da aka kira bai ga komai a jikinsa ba in ban da baƙin idonsa da ya buɗe. Shi ne kuma a 1958 ya ware sinadarin da ke cikin waccan lemar kwaɗin, wanda ake kira silosaibin.

Abin da suke yi a ciki ya fara ne daga wani sinadari da Allah ya halitta mana mai suna sirotonin. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ba a manne suke da juna ba, saƙo suke aika wa juna da sinadarai. Sirotonin ɗaya ne daga cikin waɗannan 'yan aike, yana da hannu a barci, da cin abinci, da yanayin zuciya. A jikin ƙwayoyin jijiya akwai gurabe daban-daban da yake sauka, kowane gurbi da aikinsa. LSD da silosaibin sun yi kama da sirotonin a ƙira, don haka suna iya zama a wani gurbi da masana suka laƙaba wa 5-HT2A. Wannan gurbi ya fi yawa a saman ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren da ke haɗa abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da abin da ka tuna, ya fitar maka da ma'ana. A 1998 Franz Vollenweider da abokan aikinsa a birnin Zurich sun nuna cewa in aka fara ba mutum wani magani mai toshe wannan gurbi, mai suna ketansarin, to ko ya sha silosaibin ba ya ganin gane-ganen. Da haka aka tabbatar ta wace ƙofa abin yake shiga. Ba aljani a ciki, ba buɗewar ido ta ruhi, sinadari ne ya zauna a kujerar da ba tasa ba ya riƙa zuga jijiyoyi.

A shekarun baya mutane sun zaci ƙara wa ƙwaƙwalwa wuta kawai yake yi. Sai a 2012 Robin Carhart-Harris da David Nutt na jami'ar Imperial da ke Landan suka kwantar da mutane masu lafiya a cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, suka yi musu allurar silosaibin suna kallon yadda jini ke zagawa a ƙwaƙwalwarsu. Abin da suka gani ya ba su mamaki. A wasu muhimman mahaɗu raguwa aikin ya yi, kuma duk wanda raguwar ta fi yawa a wurinsa shi ne abin ya fi buga wa.

Waɗannan mahaɗu suna cikin wata da'ira da nake so ka fahimta sosai, domin ita ce ke wahalar da kai. Wani masani a Amurka, Marcus Raichle, ya bayyana ta a 2001. Ya lura cewa in mutum ya ajiye aiki ya zauna shiru, ƙwaƙwalwarsa ba hutawa take ba. Wasu sassa ne, ɗaya a tsakiyar goshi, ɗaya can baya, da wasu a gefe, suke tashi tare su kama hira. Mu kira ta da'irar saƙar zuci. Ita ce ke tuno maka jiya, ta hasaso maka gobe, ta riƙa tambayar wane ne ni, me mutane ke cewa a kaina. Tana da amfani ƙwarai, da ita mutum ke riƙe tarihin kansa ya san shi ne shi. Amma a ciwon damuwa bincike da yawa sun nuna tana matsewa, ta riƙa maimaita zance ɗaya. "Ni ne babba kuma na kasa." Ka ga inda ta kai ka.

Kai ɗan Gombe ne, ka san kwari. Ruwan sama yakan fara bin wata 'yar hanya, damina bayan damina yana cin ƙasa, har ta zama kwazazzabon da duk ruwan unguwa dole nan zai bi. Haka tunanin damuwa yake, ya ci hanyarsa har ba ya iya bin wata. Abin da waɗannan ƙwayoyi suke yi kuwa ambaliya ce. Ruwa ya tumbatsa, ya bar kwarin, ya bazu ko'ina, hanyoyin da ba su taɓa haɗuwa ba su haɗu. Bayan ya janye ƙasa takan yi laushi na ɗan lokaci, tana iya karɓar sabuwar hanya. Wannan shi ne begen masu bincike. Sai dai ka san ambaliya ba ta tambayar inda gidan mutum yake.

Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna kusan hakan. A 2016 masu binciken Landan ɗin suka maimaita da LSD a kan mutum 20. Idon mutum a rufe, amma ɓangaren gani da ke ƙeya yana ta musayar saƙo da sassan da a ƙa'ida ba ruwansa da su, shi ya sa mutum ke ganin launuka da siffofi, wani har ya ce yana ganin sauti. Ita kuwa da'irar saƙar zuci wargajewa take yi, kuma gwargwadon wargajewarta gwargwadon yadda mutum ke jin ya narke, ya rasa iyaka tsakaninsa da bango da iska. Wasu sun kwatanta wannan da natsuwar da ba su taɓa ji ba. Wasu kuma sun ce tsoro ne da ya fi kowane tsoro, don ji suke suna mutuwa suna kallo. Ƙwaya ɗaya ce, awo ɗaya, kuma ba mai iya faɗa maka tun farko wanne ne rabonka.

A 2024 wata tawaga a jami'ar Washington da ke birnin St. Louis, ƙarƙashin Joshua Siegel, ta bi mutum 7 masu lafiya tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar kowannensu sau da yawa, kafin shan miligiram 25 na silosaibin, da lokacin da yake aiki, da makonni bayan nan. Sun ga jijiyoyin da suka saba tafiya a tare sun rasa takunsu gaba ɗaya. Mafi yawan wannan ya koma daidai da ƙwayar ta sake su, amma alaƙar da ke tsakanin da'irar saƙar zuci da wani sashe mai riƙe tunawa ta kasance a raunane har tsawon makonni. Akwai kuma gwajin da aka yi a jami'ar Yale a 2021, inda ba da silosaibin sau ɗaya ya ƙara yawan ƙananan rassan da jijiyoyi ke haɗuwa da su da kusan kashi 10 cikin 100, kuma bayan wata guda suna nan. Wannan a kan ɓeraye aka yi, abin da masu bidiyo ba su cika faɗa ba.

To ya batun warkar da damuwar? A nan ne labarin ya fi na YouTube sanyi. A 2021 an gwada silosaibin da wani sanannen maganin damuwa, esitalofram, a kan mutum 59 a Landan. A kan babban ma'aunin da suka sa wa kansu tun farko, ba a samu bambancin da za a kafa hujja da shi ba. A 2022 aka yi gwaji mafi girma, mutum 233 waɗanda magungunan asibiti suka riga suka gaza a kansu. Cikin waɗanda aka ba miligiram 25, kashi 29 cikin 100 ne alamomin ciwon suka kau musu a mako na uku, a kan kashi 8 na waɗanda aka ba miligiram 1. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara yana shan magani bai ga sauƙi ba, kuma ina fatan binciken ya ci gaba. Amma ka juya lissafin: bakwai cikin goma ba su rabu da ciwon ba. Zuwa mako na 12 kusan ɗaya cikin biyar ne kawai sauƙin ya ɗore musu. Fiye da kashi uku cikin huɗu sun yi fama da wata illa, kamar ciwon kai, tashin zuciya, jiri. Kuma an samu waɗanda tunanin kashe kai ko cutar da kai ya taso musu a dukkan rukunonin gwajin. Ka riƙe wannan na ƙarshe, don kai ya shafa.

Akwai kuma matsalar da su kansu masanan suke kuka da ita. A gwajin magani na ƙa'ida bai kamata mutum ya san ko maganin gaske aka ba shi ko na wofi ba. A nan kuwa ba yadda za a ɓoye, wanda bango ke numfashi a gabansa ya san me ya sha. Don haka da wuya a raba aikin ƙwayar da aikin sa rai. Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa na musamman izinin amfani da silosaibin tun watan Yuli na 2023, ga masu damuwar da ta ƙi jin magani kawai. Hukumar magunguna ta Amurka kuwa a watan Agusta na 2024 ta ƙi amincewa da MDMA, wata ƙwaya makusanciya da aka nemi a yi jinyar firgici da ita, ta ce a sake gwaji.

Ka kuma dubi yadda ake ba da shi a can. Sai an yi wa mutum tambayoyi masu tsawo, an auna zuciyarsa da hawan jininsa, an zauna da shi kwanaki kafin ranar ana shirya shi. Ranar sha, ɗaki ne shiru, gado ko doguwar kujera, a rufe masa ido da ƙyalle, a sa masa sauti mai taushi a kunne. Mutum biyu ƙwararru suna zaune gefensa awa shida zuwa takwas ba sa motsawa, in ya firgita su riƙe masa hannu, likita yana kusa da maganin da zai kwantar da shi. Awon ƙwayar kuwa an san shi har zuwa miligiram. Washegari ya dawo, a zauna a warware abin da ya gani, a sake zama bayan mako. Abin da aka gwada ke nan, ƙwaya tare da duk wannan kulawa. Ba wanda ya gwada ƙulli daga hannun direban mota, a sha a ɗakin samari, mutum shi kaɗai da baƙin cikin mahaifinsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maka a'a ba tare da jinkiri ba. Su waɗannan likitocin da kake kallo, da za ka je ƙofarsu yau, ba za su ba ka ba. Ƙa'idojin kariya da masu bincike na jami'ar Johns Hopkins suka wallafa a 2008, waɗanda gwaje-gwaje da yawa suka bi, sun ce a cire duk wanda ya taɓa samun taɓin hankali mai sa jin muryoyi da ruɗewa, ko ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, wato ya yi kwanaki ba barci yana ta zuba da kashe kuɗi sannan ya faɗa baƙin ciki. Ba shi kaɗai ba, har wanda yake da irin wannan a danginsa na kusa: uwa, uba, 'yan uwa, kakanni, goggo, kawu, bappa. Dalili kuwa shi ne an ga mutanen da ƙwayar ta saki jininsu amma hankalinsu bai dawo ba, ciwon da ke kwance ya tashi. Kuma shekarunka ba su wuce shekarun da irin wannan ciwo yakan bayyana ba. Duk kyawawan alƙaluman da ka ji an samo su ne bayan an tace masu irin tarihinka an ajiye gefe.

Kada wannan ya tsorata ka ta wata fuskar. Ciwon Bappa ba hukunci ba ne a kanka. Mafi yawan waɗanda ke da bappa ko kawu mai wannan lalura suna rayuwarsu har tsufa ba ta taɓa su ba, kuma abin da ka kwatanta mini damuwa ce da makoki, ba irin nasa ba. Ma'anarsa kawai ita ce kai ba ka da sararin wasa da abin da ke girgiza hankali. Wiwi ma yana cikin wannan, musamman masu ƙarfin nan da ke yawo yanzu, don alaƙarsa da taɓin hankali a wurin matasa sananniya ce.

Zan yi wa waɗannan ƙwayoyi adalci guda: ba sa kama mutum irin kamun tiramol ko kodin, ba a cika samun wanda jikinsa ke rawa in bai sha ba. Haɗarinsu a wani wurin yake. LSD yakan riƙe mutum awa takwas zuwa goma sha biyu, lemar kwaɗin awa huɗu zuwa shida, kuma in abin ya juya ba maɓallin kashewa. A wani bincike na Johns Hopkins a 2016 an tambayi mutum 1,993 game da mafi munin abin da ya same su bayan cin lemar kwaɗin. Kashi 11 cikin 100 sun ce sun jefa kansu ko wani cikin haɗarin rauni. Akwai kuma 'yan kaɗan da ke ci gaba da ganin walƙiya da inuwar abubuwa watanni ko shekaru bayan sha. Sannan abin da za a kawo maka daga Legas, wa ya auna shi? A ƙasashe da dama an sayar da wasu sinadarai da ake kira NBOMe da sunan LSD, a kan irin 'yar takardar nan, kuma sun kashe mutane. Busasshiyar lemar kwaɗi kuma ba ka iya bambance ta da ido, alhali a cikin danginta akwai masu lalata hanta cikin 'yan kwanaki. Ga doka: LSD da silosaibin duka suna cikin jerin da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta fi tsanantawa a kai, kuma in hukumar NDLEA ta tare saƙon a hanya, sunanka da lambarka ne a jiki. Ka tuna da Inna a ranar.

Maganar zaƙami kuwa, abokinka ya yi kuskure babba, kuma ina roƙonka ka gyara masa kafin ya faɗa wa wani. Ba aikinsu ɗaya ba, ko ƙofar da suke shiga ba ɗaya ba ce. Zaƙami bai da hulɗa da gurbin sirotonin da na yi maka bayani. Abin da ke cikinsa, atirofin da hayosin da 'yan uwansu, toshe wani ɗan aike suke yi mai suna asetilkolin, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata don tunawa da tsayar da hankali, jiki kuma ke buƙata don yawu, da gumi, da fitsari, da saita bugun zuciya. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da aka zuba wa zaƙami a zoɓo ko kunu a wurin biki ya san abin da nake faɗa. Baƙin idonsa ya buɗe har haske na damunsa. Leɓensa ya bushe yana ta lasa ba yawu, maganarsa ta koma ƙunƙuni. Ka taɓa jikinsa zafi rau amma ba ɗigon gumi. Zuciya na dukan tara-tara, mara ta cika fitsari ya ƙi fita. Yana tsintar abin da babu daga jikin rigarsa, yana hira da mutanen da ba sa nan, ya tuɓe ya nufi titi. Mai LSD sau da yawa ya san ƙwaya ce ke masa aiki, shi kuwa wannan bai san komai ba, kuma in ya farfaɗo bayan kwana ɗaya ko biyu ba ya tuna abin da ya yi. Ba banza Hausawa suka ce masa haukata-yaro ba. Ƙarfin dafin ya bambanta daga itace zuwa itace, har daga ƙwaya zuwa ƙwaya, don haka ba wani awo da za a ce shi ne lafiya. Yana kai wa ga farfaɗiya, da suma, da mutuwa. Guba ce, kuma ba likitan da ke jinyar damuwa da ita. In ka taɓa cin karo da wanda ya sha, asibiti za a kai shi nan take, kada a ɗaure shi a ɗaki a ce zai sake shi.

Ta fuskar addini ba sai na tsawaita ba, ka sani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma kiyaye hankali yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare. Shi ne kuma ya umarci bayin Allah su nemi magani. Abin da nake so ka ɗauka daga addini a yanzu shi ne sassauci ga kanka. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma Alƙur'ani bai kira shi mai raunin imani ba. Ka riƙe addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ka nemi a yi maka ruƙiya in kana so, amma ka je asibiti tare da haka. Ba kishiyoyin juna ba ne.

Kuma zuwa asibitin bai kai yadda kake tsoro ba. Ba sai ka doshi wata ƙofa mai allon da zai tona ka ba. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko babban asibitin da ya fi maka kusa, ka yanki kati kamar mai zazzaɓi, ka ga likita na gama-gari. In kunya ta hana ka a gida, Bauchi ba nisa, akwai asibitin koyarwa a can. Ka faɗa masa abin da ka rubuto mini, ko ka nuna masa wasiƙar a wayarka in baki ya yi nauyi. Ƙila ya sa a duba jininka, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo kasala mai kama da wannan. In ya ga da buƙata zai tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan masu zuwa wurinsa da ƙafarsu suke zuwa su koma gida ranar. Sirrinka amana ce a wuyansa, kuma tun watan Janairu na 2023 Najeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, wadda ta tanadi haƙƙin mai jinya.

Labarin Bappa da kake ɓoyewa shi ne abin da likita ya fi buƙatar ji. In ciwon nan mai hawa da sauka yana cikin dangi, wasu magungunan damuwa su kaɗai suna iya tayar da shi, don haka zaɓin magani ya dogara da wannan bayani. Saboda haka ne ma ba na so ka je kemis ka ce a ba ka na barci ko na damuwa. In an ɗora ka a kan magani, ka sani ba ya aiki dare ɗaya, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin ka ji bambanci, kuma a makonnin farko ne ake so wani na gida ya sa maka ido, ka kuma koma a ranar da aka ba ka. Kada ka daina don ka ji sauƙi sai likita ya ce. Ka tambaya ko akwai mai jinya ta hanyar zantawa, domin wannan tunani na "na kasa" abu ne da ake zama a warware shi zare-zare, kuma wannan hanya ma tana canza yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, a hankali, kana cikin hayyacinka.

Majalisar da ka daina zuwa, ba sai ka koma yau ba. Amma ka riƙa fita sallar asuba a jam'i, in an idar ka ɗan taka har rana ta fito ta taɓa ka, don hasken safiya yana taimaka wa barcin dare ya dawo kan lokacinsa. Wayar kuma ka bar ta a wajen ɗaki in ka zo kwanciya, tunda YouTube ya riga ya gane abin da kake nema, zai ci gaba da turo maka irinsu.

Inna kuwa, na san kana cewa tana cikin nata makokin, ba ka so ka ƙara mata. Ta riga ta ga kwanon abincinka yana dawowa yadda aka kai shi. In ba za ka iya fara mata ba, ka samu kawunka ko wata goggo da kake sakewa da ita, ka ce: ba ni da lafiya, ba na barci, ina so a raka ni asibiti ranar Litinin. In kun dawo ka rubuto mini abin da likita ya ce.